Jeri Cikin Jeri: Katunan Malam da Rukunin da Ba Shi da Suna

Akwatin ƙarfe ne, irin wanda 'yan makarantar kwana kan tafi da shi, kuma sai da ya shekara uku a ƙarƙashin teburin ofishinta kafin ta iya buɗe shi da niyyar aiki. Iyalan malaminta ne suka aiko mata da shi bayan sadakar arba'in, tare da saƙon baki cewa marigayin ya bar wasiyya ita za a ba. Babu littafi ko ɗaya a ciki. Katuna ne zalla, ɗauri-ɗauri, wasu da zare, wasu da robar da zafi ya narkar har ta manne da takarda. Kowane kati yana ɗauke da suna guda na Hausa, da jam'insa, da jinsinsa, da garin da aka ji shi a bakin mai magana. A kan wasula kuwa Malam ya bi da jan biro ya sa alamar karin sauti da ta tsawo. Ta ƙirga su da hannunta har sau biyu, ta sami 2,140.

Malam ya daɗe yana cewa zai rubuta littafi a kan jam'in sunaye a kare-karen Hausa, har rai ya yi halinsa littafin bai wuce akwati ba. Ita kuwa ta san ba za ta iya rubuta masa littafinsa ba, ko ta rubuta ma babu kuɗin ɗab'i. Abin da ta ga za ta iya shi ne ta sa katunan a shafin intanet, yadda ɗalibi a Sakkwato ko Damagaram ko Maiduguri zai duba su daga wayarsa. Ɗalibanta na ajin ƙarshe suka yi hutu guda suna kwafe su a jadawali mai ginshiƙi shida: lambar kati, tilo, jam'i, ajin jam'i, jinsi, karin harshe. Daga nan sai ta kira ɗan yayanta, wani matashi da ke cin abinci da gina shafukan intanet ga 'yan kasuwa da makarantun kuɗi, ya yarda zai riƙa zuwa kowace Asabar.

Ranar farko, kafin ya taɓa komai, ya ce, "Gwaggo, yaya kike so a kasa su?"

Ta amsa masa tana gyara takardun jarrabawa, ko kai ba ta ɗaga ba. A kasa su bisa karin harshe, a ƙarƙashin kowane kari kuma a jera kalmomi. Ba ta ɗauki tambayar da wani nauyi ba a lokacin.

Abin da masu rubuta umarnin kwamfuta ke kira jeri ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin jeren amarya ko kashin tumatir a kasuwa. Gurabe ne a layi, kowanne da abin da aka ajiye a cikinsa, kowanne kuma da alamar da ake kiransa da ita. Alamar kan zama lamba, kuma a al'adar waɗannan harsuna daga sifiri ake fara ƙirga. Tana kuma iya zama kalma. Ita wannan alama ake ce wa mabuɗi. Abin da aka ajiye a gurbi yana iya zama wani jerin ne shi ma, mai nasa gurabe, a cikinsu kuma a sake samun wani. Jeri cikin jeri ke nan, ko jeri mai hawa-hawa. Mai neman abu a cikinsa sai ya bi mabuɗai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kwatancen gida: unguwa kaza, layi kaza, ƙofa ta kaza.

Da yaron ya zana mata wannan a bayan wata takarda, sai ta ajiye biro ta ce, "Ashe jadawalin Parsons ne." Tana nufin tsarin aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda duk ɗalibin nahawun Hausa ya sha haddarsa: giredi bakwai a tsaye, siffofin da aikatau ke ɗauka gwargwadon abin da ya biyo shi a kwance. Wanda ya shiga ta giredi na 2 ya bi ta gurbin da suna ke biyo baya zai tarar da sayi, kamar a ya sayi doki. Idan wakilin suna ne ya biyo baya, saye zai tarar, kamar a ya saye shi. Har guraben da babu kowa akwai, domin giredi na 3 da na 7 ƙi-karɓau ne. Yaron ya ce haka ne, sai dai jadawali kowane layinsa tsawonsu ɗaya, jeri cikin jeri kuwa ba a tilasta masa haka ba. Wani reshe ya ɗauki abu dubu, na kusa da shi ya ɗauki ɗaya tal.

Da PHP ya fara, harshen da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, wanda ke aiki a kwamfutar da ke riƙe da shafi kafin shafin ya iso ga mai karatu. Umarnin da ya rubuta ya ce a bi katunan ɗaya bayan ɗaya, a yi wa kowanne abin da ke cikin wannan layi:

$kamus[$kari][$tilo] = $kati;

Wato a je gurbin karin harshen da ke kan katin, a cikinsa a je gurbin kalmar, a ajiye katin a can. PHP yana da wata kara da ba kowane harshe ke da ita ba: idan gurbin da aka ambata bai wanzu ba, shi da kansa zai ƙirƙire shi ba tare da an roƙe shi ba. Kafin ta gama kurɓar shayinta shafi ya bayyana, Kananci da Katsinanci da Sakkwatanci da Zazzaganci da Dauranci, kowanne da kalmominsa a ƙasa. Ta yi shiru na ɗan lokaci tana kallon aikin Malam a allon kwamfuta.

Al'adar malamin da ya saba karɓar takardun jarrabawa ce ta cece ta. Ba ya barin zaure sai ya ƙirga. Ta ce wa yaron ya sa injin ya ƙirga katunan da ke cikin jerin. Amsa ta fito 2,079.

Katuna 61 sun ɓace, kuma babu wani saƙon kuskure, babu gargaɗi, babu komai. Yaron ya fara zargin masu kwafi, ita kuma ta duba jadawalinsu ta ga layukansa cif suke. Sai ta koma neman kalmomin da ta tuna da su. A ƙarƙashin Kananci ta sami gado guda ɗaya, mai jam'in gadaje. Ta san akwai wani katin, na gadon da ake ci bayan mutuwa, mai dogon wasali a gaɓar farko da faɗuwar sauti a ta ƙarshe, domin ta riƙe shi a hannunta ranar da ta buɗe akwatin, har ta yi murmushin ganin Malam ya rubuta a ƙasa cewa ba a cika yi masa jam'i ba. Babu shi. Ta nemi kuka: ta kukoki tana nan, na koke-koke ya tafi.

Dalili bai da wuyar ganewa bayan an gan shi. Ɗaliban sun yi kwafi da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, wadda ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma ba laifinsu ba ne, haka aka koya musu. Jan biron Malam bai shiga jadawali ba. A idon injin, gado da gado mabuɗi ɗaya ne, gurbi ɗaya kuma abu ɗaya yake ɗauka; duk katin da ya zo daga baya sai ya kori na farko ya zauna. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne sauran waɗanda suka ɓace. Mafi yawansu kalmomi ne da Malam ya ji da jam'i biyu a gari ɗaya, ya yi wa kowanne katinsa: sarakuna da sarakai, idanu da idanuwa, littattafai da littafai, hannaye da hannuwa. Bambancin da mutumin ya ƙarar da rayuwarsa yana tattarawa shi ne daidai abin da layin nan ya share, ya bar Hausa mai tsafta wadda kowace kalma a cikinta jam'i ɗaya gare ta.

Gyaran kuwa baka-biyu mai kusurwa ce kawai, wadda babu komai a cikinta:

$kamus[$kari][$tilo][] = $kati;

Wannan baka-biyu ta ƙarshe tana cewa gurbin kalmar shi ma jeri ne, a ƙara katin a ƙarshensa, kada a kori kowa. Hawa biyu ya koma uku. Aka sake ƙirga, 2,140. Yaron ya yi dariyar jin kunya ya ce kuskure ne da kowane mai koyo ya taɓa yi. Ita ba ta yi dariya ba. Da ba ta ƙirga ba, da shafin ya fita haka, kyakkyawa, da sunan Malam a samansa, kuma wata rana ɗalibin digiri na biyu ya kafa hujja da shi cewa a Kano ba a cewa sarakai.

Tuntuɓe na biyu bai kai wannan ciwo ba, amma ya fi ban mamaki. Ta so a sa jerin haruffa a gefen shafi domin mai neman kalma ta harafin farko. Yaron ya sa a ɗauki abu na farko a kowace kalma a mai da shi mabuɗi. Sai ga ɓarawo da ɗaki da ɓera da ɗalibi a rukuni ɗaya, ƙarƙashin wata alamar tambaya a cikin baƙin lu'ulu'u. Ba aljanu ba ne. A tsarin UTF-8 da akasarin shafukan intanet ke amfani da shi, harafin boko na gama-gari bayit ɗaya ne, amma haruffanmu masu ƙugiya bayit biyu-biyu ne, kuma hanyar da yaron ya bi bayit take yanka, ba harafi ba. An yi dace ɓ da ɗ bayit ɗinsu na farko ɗaya ne, haka ma ƙ da ƴ, wanda ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya ke rubuta 'y. Injin ya gutsuri rabin harafi ya kasa kalmomi da shi. Akwai umarni mai suna mb_substr da ke yanka harafi cikakke, shi ya raba gardama. Sai dai bai san cewa sh da ts kowannensu baƙi ɗaya ne a Hausa ba, don haka shanu ta shige cikin s, tsuntsu ya shige cikin t, sai da aka rubuta musu ƙa'ida ta musamman. Wannan duk aikin yini ɗaya ne.

Abin da ya ci makonni shi ne tambayar nan ta ranar farko, wadda ta amsa tana gyaran jarrabawa.

Da shafin ya daidaita, sai ta zauna ta yi amfani da shi kamar ɗaliba. Ta so ta ga inda ake cewa sarakai da inda ake cewa sarakuna. Dole ta buɗe Kananci ta nemi sarki, ta rufe, ta buɗe Katsinanci ta nemi sarki, haka har ƙarshe. Tsarin da ta zaɓa yana amsa tambayar mai son sanin abin da ke cikin kari guda, amma ya warwatsa kalma guda a ɗakuna dabam-dabam. Ta ce a juya, kalma a sama, kari a ƙasa. Yanzu sarki ya haɗu wuri ɗaya, amma mai son ganin duk sunayen da ke ɗaukar ɗafa-ƙeyar -una ba shi da ƙofar shiga. Mabuɗai uku ana iya jera su ta hanya 6, huɗu kuma ta hanya 24, kuma kowace hanya tana sauƙaƙa wata tambaya ta toshe wata.

Ba sauƙin nema kaɗai ne abin dubawa ba. Da ta gwada sa jinsi a hawa na sama, namiji a reshe ɗaya, tamata a ɗaya, sai harshen da kansa ya ƙi. Kaka da jika ina za su? Kowannensu yana iya zama namiji ko mace gwargwadon wanda ake nufi. Sa'an nan ga katunan Zazzau da Bauchi, inda bambancin jinsi ya yi rauni har a ji rigan a inda Bakano zai ce rigar. Wanda ya ɗora jinsi a sama da kari ya riga ya yi iƙirari cewa jinsi abu ne da kalma ke ɗauke da shi ko'ina ta je, alhali katunan suna nuna cewa a wasu wurare sai an san garin kafin a san jinsin. Balle kuma a ɓangaren jam'i, inda Hausa ba ta bambanta jinsi sam. Duk abin da aka sa a hawa na sama an ce shi ne uba, na ƙasa 'ya'yansa ne. Wannan magana ce ta nazarin harshe, ko da an rubuta ta da alamar dala da baka-biyu, kuma injin ba zai yi ta a madadin kowa ba. Shi dai a ba shi jeri, ya cika.

A wannan tsakanin ne ta koma ga akwatin da wata tambaya da ba ta yi masa ba tun farko: shi Malam, yaya ya kasa su? Ɗaliban sun kwance ɗaurin kafin su yi kwafi, amma sun bi katunan yadda suka same su, don haka lambobin sun adana tsarin. Ta bi lambobin. Ba ta gari ya ɗaure su ba, ba kuma ta harafin farko ba. Ta ƙarshen jam'i ya ɗaure su: masu ƙarewa da -aye wuri ɗaya, kifaye da zomaye da tsuntsaye, masu -ai wuri ɗaya, malamai da abokai, irin su hanyoyi da tagogi da motoci, waɗanda ke maimaita baƙin ƙarshe na saiwa tsakanin o da i, su ma wuri ɗaya. A cikin kowane ɗauri ne ya jera su ta harafin farko.

Ta gane inda ya samo wannan, domin kafin boko a zaure ya yi karatu. Ƙamusun Larabci na da, irin su Sihah na Jauhari da Lisanul Arab na Ibn Manzur, da harafin ƙarshe na saiwa suke buɗe babi, sa'an nan harafin farko ya zama fasali a cikin babin. Haka shi ma Ƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, wanda ya rasu a shekara ta 817 bayan Hijira, littafin da daga sunansa kalmar ƙamus ta samo ma'anar da muka san ta da ita. Babi da fasali jeri ne mai hawa biyu, ƙarnuka kafin a ƙera kwamfuta. Bargery a 1934 da Abraham bayansa sun bi ta harafin farko, kamar yadda ƙamusun Turai suka saba, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ga mai neman ma'anar kalma wannan ya fi. Amma ga mai nazarin jam'i, wanda duk abin da yake nema a ƙeyar kalma yake, tsarin zaure ya fi dacewa, kuma Malam ya san haka ba tare da ya taɓa rubuta shi a ko'ina ba.

Sai dai wannan ganowa ta tono wani tsohon saɓani. Malam ya ɗaure riguna da wanduna da ɗakuna dabam, rafuka da karnuka dabam, kunnuwa da hannuwa dabam. Aji uku ke nan a wurinsa. Ita kuwa tun a kundin digirinta na uku ta bi ra'ayin masanan da ke ganin aji ɗaya ne mai rassa uku, tunda duka u ne da baƙi da a, kuma karin sautinsu ɗaya, sama har zuwa gaɓar ƙarshe da ke faɗuwa. Sun yi wannan muhawara a ofishinsa ba sau ɗaya ba. Bai taɓa yarda ba, bai kuma hana ta rubuta abin da ta gani ba. Ya sa hannu a kundin yana cewa hujjarta ta tsaya ko da bai gamsu ba. Masana har yau ba su haɗu a kan adadin azuzuwan jam'in Hausa ba, kuma yawancin saɓanin daga irin wannan yake tasowa, wani ya haɗa, wani ya raba.

Yaron, da ya ji labarin, ya ga abin da sauƙi. "Gwaggo, ai sai a ƙara hawa. Naki a sama, nasa uku a ƙarƙashi. Kowa ya samu."

Ta ce, "Ɗana, kowa bai samu ba. Ka sa ni a kansa."

Gaskiyarta. A jeri cikin jeri babu zama kafaɗa da kafaɗa tsakanin hawa biyu. Idan ajinta ya zama reshe, nasa suka zama ƙananan rassa, shafin zai gaya wa duk mai buɗe shi cewa an gama muhawarar kuma ita ta ci, a kan katunan mutumin da ba ya nan balle ya amsa. Idan kuma ta bar nasa kawai, ta ɓoye abin da ta yi imani shi ne daidai. Ta kwana biyu tana juya wannan.

Mafitar da suka samu tsohuwa ce a fagen kwamfuta, ko da yake sabuwa ce gare ta. A 1970 Edgar Codd, wani masani a kamfanin IBM, ya kawo hujja cewa bai kamata a adana bayanai a tsarin reshe da rassa ba, domin tsarin yakan ɗaure mai tambaya ga hanyar da mai ajiya ya zaɓa. A ajiye su a shimfiɗe, layi-layi, a bar kasawa sai lokacin da aka yi tambaya. Haka suka yi. Katunan suka zauna a jeri mai hawa ɗaya, kowanne da lambarsa, aka ƙara ginshiƙi biyu: ajin jam'i a ganin Malam, ajin jam'i a ganinta. Jeri mai hawa-hawa ya daina zama ma'aji, ya koma abin da ake ginawa nan take idan mai karatu ya zaɓi yadda yake so, a rushe idan ya sauya. Wannan ɓangare yaron ya mayar da shi JavaScript, harshen da Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape, shi ma a 1995, wanda ke aiki a cikin burauzar mai karatu. Ya nuna mata wani umarni, Object.groupBy, da bai shiga ƙa'idar harshen a hukumance ba sai a 2024. Kafin nan kowa da hannunsa yake rubuta kasawarsa. Jinkirin ma da dalilinsa: sunayen da aka fara ba umarnin sun ci karo da abin da tsofaffin shafuka suka riga suka yi amfani da shi, har wasu suka lalace, sai da aka sauya masa suna da mazauni. Ta ce ashe su ma suna da rigimar daidaita ƙa'ida.

Duk da haka shafi sai ya buɗe da wani tsari kafin mai karatu ya taɓa komai, kuma mafi yawan mutane ba sa sauya abin da suka tarar. Ta zaɓi na Malam: ƙarshen jam'i, sa'an nan harafin farko, aji uku a inda ya ga uku. Nata yana nan ga wanda ya latsa.

Saura abu guda, wanda tun ranar farko yake gabansu ba su kula ba. Duk lokacin da aka kasa katunan bisa karin harshe, a can ƙasan shafi akan sami wani rukuni da ba shi da kan magana. Fili ne kawai, sai kalmomi a ƙarƙashinsa. Yaron ya bayyana mata cewa idan gurbin kari babu komai, injin yakan mai da rashin komai ɗin mabuɗi, ya tara duk masu irin wannan hali a ƙarƙashinsa. Katuna 94 ne. Ya ɗauka mantuwa ce ta masu kwafi ko ta Malam, ya kawo shawara uku: a cire su daga wannan kasawa, ko a rubuta musu "Sauransu", ko ita da ta san kare-karen ta duba kowanne ta sa masa garin da ya fi kama da shi.

Ta ɗauko akwatin ta zaro katunan da lambobinsu. Gurbin gari babu komai, kamar yadda aka kwafa. Tana mayar da na farko ne ya kuɓuce ya faɗi a kife, sai ta ga rubutu a bayansa, da fensir, da ajami. Ta juya na biyu, ta juya na uku. Duka akwai. Wani an rubuta cewa fatake ne, haihuwar Katsina, girman Kumasi. Wani direban babbar mota ne da ya ce shi kansa bai san Hausar ina yake yi ba. Wata tsohuwa ce da aka auro daga Maraɗi ta shekara arba'in a Kano, tana cewa ɗiya a inda maƙwabtanta ke cewa 'ya'ya, amma sauran jam'inta na Kano ne. Wani almajiri ne da ya yi gabas ya dawo. Akwai wanda aka haifa a Sudan, jikan mahajjatan da suka tsaya a hanya.

Ba mantuwa Malam ya yi ba. Ya ƙi sa musu gari ne domin ba su da gari ɗaya, kuma kati ya ba shi damar da jadawali bai ba ɗalibanta ba, wato baya. Ginshiƙin karin harshe ya ɗauka cewa kowane mai magana yana da gurbi guda, kamar yadda layin farko na yaron ya ɗauka cewa kowace kalma tana da jam'i guda. Hausawa kuwa mutanen tafiya ne tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, kuma wanda ya tilasta wa waɗannan 94 shiga Kananci ko Katsinanci ya ƙirƙiri shaidar da babu ita. "Sauransu" kuma kalma ce da ake jefa abin da ba a damu da shi ba.

Ta ce kada a cire su, kada a raba su. A bar mabuɗin yadda yake, babu komai, amma idan shafi zai nuna rukunin a rubuta a kansa: "Waɗanda Malam bai sa wa gari ba." A kuma ɗauke shi daga ƙasan shafi a kai shi sama. Sa'an nan a ƙara ginshiƙi na tara, na bayan kati.

Yaron ya tambaya ko waɗannan 94 kaɗai za a duba.

Ta kalli akwatin. Babu wanda ya juya ko ɗaya daga cikin sauran 2,046, har da ita. Ɗaliban da suka yi kwafi sun gama sun tafi hidimar ƙasa, kuma ko suna nan, kaɗan ne a cikinsu ke karanta ajamin Malam, mai ƙananan baƙaƙe da ba ya sa musu wasali sai ya ga dama. Ta ce masa ya je, sai Asabar ta sama. Da ya fita ta jawo kujera kusa da taga, saboda an ɗauke wuta, ta ɗauki kati mai lamba 1 ta juya shi.